Kadin da Ayyash Ya Kai wa Walƙiya

Duk wanda ya taɓa ba Ayyash ɗan Makki hannu ya san sana'arsa tun ba a gaya masa ba. Daga yatsu har gwiwar hannu babu wurin da ƙaya ba ta yi rubutu ba. Kadi, itacen nan mai furen ƙamshi, ba ya ba da furensa a banza. Ganyensa dogaye ne, gefe da gefe da gadon baya duk haƙora kamar zarto, furen kuma can tsakiyar kai yake ɓuya, fari sol, a naɗe kamar goyon masara. Ga macizai da ke son sanyin gindinsa. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu Ayyash ke cusa hannu cikin wannan masifa, a lambun ubansa da ke bakin Wadi Zabid, kuma bai taɓa sha'awar wata sana'a ba.

Aibinsa ɗaya ne, kowa a ƙauyen ya sani: gaggawa. Gurasa ba ta gama fita daga tanda ba ya kai hannu. Liman bai rufe baki da sallama ba ya fara laluben takalmi. Da aka aura masa Hamisa, 'yar baffansa, Alhamis ta farko bayan biki ya kasa haƙuri, ya je ya yanko mata furen da saura kwana uku ya buɗe. Yarinyar da ko ɗaga ido ba ta yi a gabansa ta karɓa, ta shinshina, ta ce, "Ɗan baffa, wannan ai bai nuna ba. Kai kullum gaggawa." Wannan ce maganar farko da ta yi masa a matsayin matarsa, kuma ba ta daina maimaita ta ba.

Daga ranar, furen farko na kowace Alhamis nata ne, kasuwa ta jira. Takan ɓare ganye ɗaya ta soke a kitsonta, ɗaya ta cusa masa a rawani da hannunta, sauran ta shimfiɗa a tsakanin tufafi cikin akwatin katakonta. Shekara arba'in da ɗaya suna haka. 'Ya'ya uku suka haifa, uku suka binne tun suna goye, sai suka rage su biyu da lambu. Ko da yana ta fara rufe mata ido, Hamisa ba ta taɓa tambayar wane ne a ƙofa ba. Tun yana bakin danga take cewa, "Ga shi nan, a sauke shayin kishir daga wuta."

Sai yaƙi ya iso gaɓar teku. Ranar da motar gudun hijira ta tsaya a ƙauyen, direba ya rantse ba zai ɗauki akwatin ba, ya ce wurin mutum biyu zai ci. Mutane na cusa katifu da awaki, Ayyash ya ruga lambu, ya sare reshe ɗaya daga tsohon kadin da ubansa ya dasa a bakin rijiya, reshe mai saiwoyi uku a jiki, ya naɗe shi a jiƙaƙƙen buhu. Kwana biyu yana rungume da ƙaya a bayan mota, na kusa da shi suna tsine masa. Bayan shekara labari ya iske su cewa lambun ya bushe ƙurmus, an kuma binne nakiyoyi a hanyarsa.

A birnin Sana'a suka sami ɗaki a ƙasan gidan wata bazawara, Hajiya Takiyya, mace mai kaifin baki da taushin zuciya, wadda ba ta son a gane na biyun. Ɗakin da can na ajiye itace ne. Taga ɗaya gare shi, tana kallon bangon maƙwabta, rana na leƙowa ta sama na sa'a biyu kafin azahar ta wuce abinta. Ayyash ya kama turin baro a kasuwar kayan miya, tsofai-tsofai da shi. Ya samo rabin duro na roba, ya huda ƙasansa, ya haɗa yashi da takin awaki, ya dasa reshen a gindin tagar.

Wayyo, wahalar da wannan itace ya ba shi! A gida kwarara wa kadi ruwa ake yi ta kai, zafin Tihama, yankinsu na gaɓar teku, ya shanye kafin la'asar. Haka ya yi a nan, sai ga ganye na yin ruwan ɗorawa, wari na tashi daga hammatarsu. Ya naɗa tsumma a tsinke ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsane ruwan, yana ba itacen haƙuri kamar mutum. Daga nan ya koyi zaman garin. Ruwa sai ya sha rana a kwano ya yi ɗumi, kuma sai ya tura yatsa cikin ƙasar ya ji ta bushe har gaɓa ta biyu. Yakan ja duron ya bi ɗan hasken tagar, yana juya shi kowace Juma'a don kada ya karkace. Iskar Sana'a busasshiya ce, tana ƙona bakin ganye, don haka in ya tafasa shayi sai ya ajiye butar a gindinsa tururi ya hau. Saiwoyin da ke fitowa a jikin kara suna neman ƙasa ya ɗaure su da jiƙaƙƙen ƙyalle. Da sanyi ya sauko, bargo biyu gare su: ɗaya na Hamisa, ɗaya na kadi.

"Baba Ayyash, yaya majinyacin naka na biyu?" Haka Hajiya Takiyya ke gaishe shi in ta sauko. "Mutane na kiwon kaza su ci ƙwai, kai kana kiwon ƙaya. Me yake ba ka?"

"Zai bayar, Hajiya."

"Yaushe?"

"In ya ga dama."

"To gara shi, yana da dama. Karɓi wannan ka kai wa Hamisa tun da zafi, kada ka zuba wa itacen."

A shekara ta uku hankalin Hamisa ya fara tafiya. Idon ya riga ya rufe gaba ɗaya. Ta fara da neman akwatinta, ta koma kiran matan ƙauyen da suka daɗe a ƙasa. Wata rana ya dawo daga kasuwa, ya tura ƙofa da sallama, sai ya ga ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Wane ne?"

"Ni ne, 'yar baffa."

"Kai wa? Bawan Allah, koma da baya. Maigidan ba ya nan."

Ya yi dariya, a zatonsa tsokana ce. Da ya matsa ya taɓa hannunta ta ƙwalla ƙarar da ta sauko da Hajiya daga hawa na uku ba takalmi. Tun daga ranar, mutumin da ya haura shekara arba'in yana cin kwano ɗaya da ita ya koma kwana a soro, ƙarƙashin matakala. Ba ta karɓar abinci daga hannunsa. In zai shiga ba kadi ruwa sai Hajiya ta ce mata, "Mai ruwa ne, rufe fuskarki." Yana tsugune a gindin duro yakan ji tana ba Hajiya labari: "Ɗan baffana ya tafi yankan kadi. Yanzu zai shigo. Ai tun daga danga nake jin sa." Shi kuwa warin albasa da zufa kawai yake yi, ya san haka.

Kada wani ya ce bai nemi sauƙi ba. Ya je kasuwar Bab al-Yaman ya sayo fure daga masu kawowa daga kudu, wanda ya kwana biyu a mota, bakinsa ya yi ja, an kuma yayyafa masa turare don a rufe asiri. Ya soke a rawani ya tsaya a ƙofa. Hamisa ta ɗaga hanci, ta yamutsa fuska. "Wa ya shigo mini da mataccen kadi? A kai wa masu makoki. Ɗan baffana ba ya ba ni na kasuwa." Ya gwada man kadi na kwalba, ta yi atishawa ta juya wa ƙofa baya. Matar da ta manta sunan garinsu ba ta manta bambancin furen da aka yanka yanzu da na shekaranjiya ba. Ranar Ayyash ya zauna a kan baronsa a bakin titi ya yi kuka, bai damu da masu wucewa ba.

Saura dai duron. Shekara biyar, itacen ya wuce shi tsawo, ganye shar, saiwoyi sun kafu kamar ƙafafu, amma fure ko ɗaya. Ƙafafun Hamisa kuma suka fara kumbura. Likitar da suka kai ta wurinta ta ja Hajiya gefe, amma soron asibitin ƙarami ne, kunnen Ayyash kuma lafiya lau: zuciya ta gaji, da wuya ta ga ƙarshen damina. Bai roƙi Allah Ya bar masa ita ba, ya san ajali ba ya jira. Abu ɗaya ya dinga roƙo a kowace sujada, kada ta tafi tana zaton ya yi tafiyarsa ya bar ta a hannun baƙi.

Farkon damina, wata safiya yana goge ganye, ya hau kan tukunya ya leƙa tsakiyar kan itacen, sai ya ga alamar da yake jira. Sabbin ganyen sun haɗe sun matse, sun yi haske, gindinsu ya yi kauri. Ya ga wannan sau dubu a lambu. Ya haura matakala da gudu har yana tuntuɓe.

"Hajiya, ya ɗauka. Wallahi ya ɗauka."

"Wa ya ɗauki me?"

"Kadi. Fure na ciki."

Ta sauko ta duba, ba ta ga komai ba sai ƙaya, amma ta ce masha Allah. Kwana ɗaya, biyu, biyar, takwas. Kullum ya leƙa, kan na ƙara kauri amma a rufe gam. A kwana na shida Hamisa ta daina cin abinci, ko daga hannun Hajiya. Sai ruwa, cokali biyu, ta kau da kai. Ayyash ya daina zuwa kasuwa. Ya kasa zaune ya kasa tsaye, daga soro zuwa taga, daga taga zuwa soro.

Mu mutanen Tihama, babba da yaro, mun san kadi ba ya buɗewa sai ya ga walƙiya. Haka iyayenmu suka gaya mana, haka kuma muke gani: in sama ta yi ta ƙyalli a kan duwatsun gabas, gobe da safe lambu ya cika da ƙamshi. Mai son gardama ya je ya yi da kakansa. Ayyash ya tsaya ya dubi tagar nan, ya dubi bangon maƙwabta da ya tokare ta, sai abin ya faɗo masa. Shekara biyar itacen nan bai taɓa ganin sama ba.

Ranar Talata bayan azahar hadari ya fara haɗuwa a kan dutsen Nukum. Hajiya ta sauko ta iske shi yana ɗaure duron da igiyar baro.

"Ina za ka da shi?"

"Saman soro. Walƙiya yake jira."

"Baba Ayyash, ka ji tsoron Allah. Hawa huɗu? Da wannan bayan naka?"

"Na ɗauki buhun dankali da ya fi shi."

"Ba nauyin nake ji ba. Ku a can ƙasa daga nesa kuke kallon walƙiya, tana kan duwatsu, kuna zaune cikin ɗumi. To nan ne duwatsun. Tamu ba ta zuwa ita kaɗai, da ƙanƙara take zuwa. Bara ta kashe mini tantabaru bakwai. Ka bar shi inda yake, tunda ya ɗauka ai zai buɗe."

"Ba ya buɗewa da kansa."

"Wa ya ce?"

"Ubana." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Hajiya, yau kwana uku ba ta ci ba. In kina da wata dabara ki faɗa, zan bi."

Ba ta da ita. Ta bi bayansa tana faɗa, tana kiransa mai taurin kai, ɗan ƙasar zafi da rana ta dafa wa ƙwaƙwalwa, amma tun a hawa na biyu ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin duron tana turawa. Matakalar gidajen Sana'a ba don tsofaffi aka yi ta ba, ƙunci ga tsayi. Ganyen na karce bango suna dawowa su tsaga masa wuya da kunne. Sau uku yana durƙushewa. Da suka fito sarari jini ya jiƙa masa wuyan riga, numfashinsa na fita da ƙara, sama kuma ta yi baƙi ƙirin.

Ya ajiye duron a tsakiyar rufin, ya warware ganyen da hannu biyu. Walƙiya ta tsaga sama daga Nukum har bayan gari, ta haske farin adon gidaje. "Duba," in ji Ayyash, murya ƙasa-ƙasa. "Ga ta nan. Irin ta gida ce, duba da kyau." Ta sake yi, ta sake. Har ga Allah a wannan lokacin farin ciki ne a fuskarsa, irin wanda Hajiya ba ta taɓa gani ba.

"To ya gani, mu sauka," in ji ta daga bakin ƙofa.

"Ɗaya kawai. Bari ya ƙara ɗaya."

Iska ce ta fara zuwa, mai sanyin da ke shiga ƙashi. Sannan wani abu ya buga a kan duron, ƙwas, ya yi tsalle. Kafin ya ɗaga kai ƙanƙara ta sauko gaba ɗaya, kowace kamar dabino. Ya cire rigarsa ya jefa a kan itacen, iska ta ɗauke ta. Ya rungumi karan yana son rufe kan da jikinsa, amma itacen ya fi shi tsawo, shi da kansa ya yi renonsa har ya fi shi. Yana ji ganyen da ya shekara biyar yana gogewa suna tsagewa. Sai iska ta sake bugowa, ƙafarsa ta zame a kan ƙanƙara, suka tafi tare, shi da duron. Kan kadin ya daki katangar rufin ya karye a wuya.

Abin bai fi minti goma ba. Garin ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a indararo. Hajiya ta fito ta tsaya a kansa. Ayyash ya ja jiki ya ɗauko karyayyen kan. Ya san kadin da ya karye a wuya a ƙasar sanyi ruɓewa yake yi har saiwa. Ya ɓare ganyen waje ɗaya bayan ɗaya, ƙaya na shiga yatsunsa, har ya kai ga furen. Tsawon tafin hannu, fari da ɗan kore-kore, lafiyayye, babu abin da ya same shi a ciki. Ya juya shi, ya latsa gindinsa da babban yatsa kamar yadda ya saba. Saura kwana uku.

"Da na bari," ya ce. Bai ƙarasa ba.

Ya sauko da shi a hannu, ba riga, ruwa da jini na ɗiga a matakala. Bai ma yi niyyar shiga ba. Ya tsaya ne kawai a bakin ƙofar ɗakin don ƙafafunsa nan suka saba tsayawa. Ƙamshin ɗan kaɗan ne, ɗanye, shi kansa da ƙyar yake jin sa.

Hamisa na kwance fuskarta na kallon bango. Sai ta juyo a hankali, ta ɗaga hanci. Hannunta ya tafi wajen mayafi, ya tsaya a hanya.

"Ka tsaya a ƙofa kamar baƙo," ta ce. "Shigo mana. Ina ka shiga tun safe?"

Ya shiga da gwiwoyi. Ta lalubo hannunsa, ta bi sabbin tsagar ƙaya da yatsa, ta yi tsaki, sannan ta karɓi furen ta kai hanci. Ta daɗe tana shaƙa.

"Ɗan baffa, wannan ai bai nuna ba. Kai kullum gaggawa."

Ta ɓare ganye ɗaya ta soke a furfurarta. Ta ɓare na biyu ta laluba kansa, ta ji babu rawani, ta yi masa faɗan yawo da kai a buɗe kamar yaro, ta maƙala masa a bayan kunne. Sauran ta tura ƙarƙashin matashi, ta ce in an jima ta sa a akwati.

"Yau Alhamis ce ashe?"

"Alhamis ce," in ji Ayyash.

"Shi ya sa nake jin yunwa. Akwai gurasa?"

Hajiya Takiyya, da ke tsaye a soro tana goge ido da bakin mayafi, ta haura da sauri ta kawo gurasa da madara mai ɗumi. Ayyash ya gutsura, ya tsoma, ya kai bakin matarsa, ta karɓa daga hannunsa. Loma huɗu ta ci. Ta koma ta kwanta tana riƙe da yatsunsa, idonta na lumshewa.

"Alhamis mai zuwa ka yi haƙuri," ta ce. "Ka bari ya nuna. Ina zai je? Ai itacen na nan."

Ya dubi gindin taga, inda zagayen duron ya bar shaida a ƙasa.

"To, 'yar baffa. Zan bari."

A saman soro duron na kwance a gefensa, ruwan ƙanƙarar da ke narkewa yana wanke ƙasar cikinsa yana bi da ita ta indararo.